Jar Hula Ko Katin Mazaɓa: Wane Ne Ɗan Tafiya, Wane Ne Ɗan Jam'iyya?

Mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan sun ta'allaƙa ne ga bambancin da ke tsakanin mutumin da yake cikin wata tafiya ta siyasa da mutumin da yake ɗan jam'iyya mai rajista. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun kuma taƙaita su don kada su yi tsawo.

Tambaya daga wani tela a Kano: Assalamu alaikum. Malam, na daɗe ina cikin wata tafiya ta siyasa a jiharmu. Ba na fashin taro, ina sa alamar tafiyar a jikina, kuma da kuɗin aljihuna nake ɗaukar mota in kai matasan unguwa wajen gangami. Amma da aka zo zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓarmu sai aka ce ba ni da ƙuri'a, wai sunana ba ya cikin rajista. Ashe duk wannan hidima ba ta mai da ni ɗan jam'iyya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ka ambaci sunan tafiyar ba, ni ma ba zan yi maka shisshigi ba, sai dai amsar ba za ta yi maka daɗi ba, domin waɗanda suka hana ka ƙuri'a suna da hujja a hannu, ko da kuwa wata manufa ce dabam a zuciyarsu. Hidimar da ka yi ta mai da kai cikakken ɗan tafiya, tunda tafiya ba ta neman komai daga mutum face ya yi mubaya'a ga jagora, ya nuna alama, ya kuma amsa kira idan an yi gayya. Ko da ta buga fom ko ta raba katin shaida, kamar yadda wasu suke yi, wannan takarda ba ta da wani matsayi a wajen hukumar zaɓe. Ɗauki Kwankwasiyya, tunda ita aka fi sani a Arewa: wanda ya wayi gari ya sa farar riga da jar hula, aka ce masa "Kwankwasiyya" ya amsa da "amana", to ya shiga ke nan, ranar da ya cire hular kuma ya fita ke nan. Kanawa sun ga haka ƙuru-ƙuru a 2016, lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya yi masa mataimaki har sau biyu. Jami'an gwamnati da yawa sun ajiye jar hula ba tare da sun rubuta wa kowa takarda ba, alhali kuwa a lokacin ɓangarorin biyu duk suna ƙarƙashin inuwar APC, kuma babu wanda katinsa na jam'iyya ya canza.

Jam'iyya kuwa doka ce ta haife ta. Sashe na 222 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya shardanta cewa sai ƙungiya ta kai wa INEC sunayen shugabanninta na ƙasa da adireshinsu da kwafin kundin tsarin mulkinta, ta buɗe ƙofarta ga kowane ɗan Najeriya ba tare da la'akari da ƙabila ko addini ko jinsi ba, ta guje wa suna ko tambarin da ke nuna ƙabila ko addini, sannan hedikwatarta ta kasance a Abuja, kafin ta yi aiki a matsayin jam'iyya. Ƙofar shigarta ga mutum irinka tana mazaɓa, kuma a Kano kaɗai akwai mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44. A can ne ake cike fom, a liƙa hoto, a rubuta sunan mutum a littafin rajista, a yago masa 'yar takardar shaida ko a ba shi kati. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta wajabta wa kowace jam'iyya ta ajiye wannan rajista a takarda da kuma a kwamfuta, ta kuma miƙa wa INEC kwafinta aƙalla kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani ko zaɓen shugabanninta. Wanda sunansa yake ciki shi ne yake da ikon zaɓen ciyaman da sakataren mazaɓa, shi ake iya zaɓa daliget, shi yake shiga layi idan 'yar tinƙe za a yi, kuma shi kaɗai ne zai iya sayen fom ya nemi tikiti.

Wannan magana ta tikiti ita ce gundarin al'amarin. Sashe na 65 da 106 da 131 da 177 duk sun ce sai mutum ya kasance ɗan jam'iyya, kuma jam'iyyar ta tsayar da shi, kafin ya yi takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Saboda haka duk yawan mutanen da ke cikin tafiya, fasinjoji ne masu jiran mota mai takardu, kuma tambarin motar ake dangwala wa ranar zaɓe. Shi ya sa 'yan Kwankwasiyya suka dangwala wa lemar PDP a 2011, suka dangwala wa tsintsiyar APC a 2015, suka koma lema a 2019, sannan suka dangwala wa kwandon kayan marmari na NNPP a 2023, hular kuwa tana nan yadda take. A duk sauyin sheƙar da aka yi, wanda yake son ta-cewa a cikin sabuwar jam'iyyar sai da ya koma mazaɓarsa aka rubuta sunansa sabo, kuma a nan ne ake barin mutane irinka a baya, domin hankalinsu yana wajen gangami lokacin da wasu suke bakin teburin rajista.

Ba ina wanke masu riƙe da littafin ba ne. Kowa ya san cewa a wurare da yawa rajistar tana kwana ne a gidan ciyaman ko a hannun wanda yake ɗaukar nauyin jam'iyya a yankin, ana cusa sunaye ana tsame wasu gwargwadon zaɓen da ke tafe. Bayan sabunta rajistar da APC ta yi a 2021 ta ce 'ya'yanta sun haura miliyan 40, amma ɗan takararta na shugaban ƙasa ƙuri'a 8,794,726 ya ci zaɓe da ita a 2023, kuma tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ta isa ta sa mutum ya yi wa kowace rajistar jam'iyya kallon tsanaki. Shawarata ita ce ka je da ƙafarka, kada ka aika, ka tsaya har ka ga an rubuta sunanka, ka ɗauki hoton shafin da wayarka, ka adana 'yar takardar da aka yago maka, idan kuma ka biya kuɗin ƙa'ida ka karɓi rasit. Da zarar an sa ranar zaɓen shugabannin mazaɓa, ka koma ka duba sunanka tun kafin a miƙa rajistar.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Gusau: Malam, a shari'ar gwamnan Kano wata kotu ta ce shi ba ɗan jam'iyyarsa ba ne, amma Kotun Ƙoli ta bar masa kujerarsa. Mu kuma a Zamfara a 2019 kotu ta karɓe kujeru kaf daga jam'iyyar da ta ci zaɓe. Shin rajistar nan tana da muhimmanci a gaban kotu ko ba ta da shi?

Amsa: Tana da shi, Malam, sai dai kotu tana fara duba wanda ya kawo ƙarar kafin ta duba littafin. A Kano, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf a watan Satumba na 2023 bayan ta cire masa ƙuri'a 165,663, sannan a watan Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da tsige shi bisa dalilin cewa sunansa ba ya cikin rajistar da NNPP ta miƙa wa INEC. A ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, ta mayar masa da ƙuri'unsa, ta kuma ce batun wane ne ɗan jam'iyya lamari ne na cikin gida, wanda wata jam'iyya dabam ba ta da hurumin tsoma baki a cikinsa bayan an gama zaɓe. Irin wannan amsa aka ba waɗanda suka ƙalubalanci Peter Obi, wanda ya bar PDP a ƙarshen watan Mayun 2022 ya kuma karɓi tikitin Labour cikin 'yan kwanaki.

A Zamfara kuwa daga cikin gida ƙorafin ya fito. 'Ya'yan APC ne da kansu, ciki har da ɓangaren Sanata Kabiru Marafa, suka tsaya a kan cewa ba a yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, kuma a ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta yarda da su, ta ce jam'iyyar ba ta da halastattun 'yan takara, ƙuri'un da aka jefa mata sun tafi a banza. Ta haka ne Bello Matawalle, wanda ya tsaya a PDP ya zo na biyu, ya zama gwamna. Abin lura ga mai bin tafiya shi ne cewa a shari'o'in biyu ba a saurari kowa don yawan magoya bayansa ba. Ɗan takarar da ya shiga zaɓen fid da gwani shi yake iya ƙalubalantar zaɓen, bayan babban zaɓe kuma ɗan takara ko jam'iyyar da ta shiga zaɓen su doka ta ba damar shigar da ƙara. Ko ejan da yake tsayawa a bakin akwati ya sa hannu a takardar sakamako, da sunan jam'iyya ake tura shi.

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Zariya: Malam, ina jagorantar mata a wata tafiya, amma katin da ke hannuna na wata jam'iyya ce dabam da wadda jagoranmu yake ciki. Shin na yi laifi? Kuma ana iya korar mutum daga tafiya kamar yadda ake kora daga jam'iyya?

Amsa: Hajiya, a wajen dokar ƙasa ba ki yi laifi ba, domin sashe na 40 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar da ya ga dama, ƙuri'arki kuma sirrinki ce. Matsalar tana tsakaninki da jam'iyyar da kike riƙe da katinta, saboda kundin manyan jam'iyyu ya ɗauki yi wa ɗan takarar wata jam'iyya aiki a fili a matsayin zagon ƙasa, wanda ake iya dakatar da mutum ko a kore shi a kansa. Ko za a hukunta ki ko ba za a yi ba, wannan ya danganta ga ƙarfinki da kuma buƙatar da ake da ita gare ki. Gwamnonin PDP biyar ƙarƙashin jagorancin Nyesom Wike sun juya wa ɗan takarar jam'iyyarsu baya a bainar jama'a gabanin zaɓen 2023, kuma suka kammala wa'adinsu suna 'yan PDP, alhali shugabar mata ta mazaɓa tana iya rasa muƙaminta don an gan ta a hoto guda a wani gangami.

Irin halin da kike ciki ya fi yawa fiye da yadda ake zato, kuma tafiyar Obidient ta magoya bayan Peter Obi ce ta fi fito da shi fili. Peter Obi ya samu ƙuri'a sama da miliyan 6 a ranar 25 ga Fabrairun 2023, ya ci Legas da Abuja da Filato da Nasarawa, amma da aka zo zaɓen gwamnoni mako uku bayan haka jiha ɗaya tak Labour ta ci, wato Abiya. Masu ƙuri'ar nan mutumin suka bi ba jam'iyyar ba, yawancinsu ba su taɓa taka ofishin jam'iyyar na mazaɓarsu ba.

Game da kora, jam'iyya tana da matakai a rubuce: a kawo ƙorafi, a kafa kwamitin ladabtarwa, a gayyaci wanda ake tuhuma ya kare kansa, sannan yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa ƙaramar hukuma da jiha har uwar jam'iyya ta ƙasa, daga nan kuma kotu. Tunda a mazaɓa aka rubuta sunan kowa, daga mazaɓa ake fara taɓa shi, komai girmansa. Dakatarwar da aka yi wa Adams Oshiomhole a mazaɓarsa ta jihar Edo ita ce ta zama sanadin rasa kujerarsa ta shugabancin APC na ƙasa a 2020, haka ma Iyorchia Ayu na PDP ya sauka a 2023 bayan dakatarwar da aka yi masa a mazaɓarsa ta yankin Gboko a Binuwai. An sha amfani da wannan hanya don cin dunduniya, gaskiya ne, amma dai akwai takarda da wanda aka zalunta zai riƙa ya tafi kotu. A tafiya babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a rubuta wa mutum takardar kora, sai dai ya ga an daina kiran sa taro, an cire shi daga zauren WhatsApp, mai gadi ya ce masa jagora yana hutawa, sojojin baka kuma su fara ambaton sa a rediyo da sunan maci amana. Ba shi da inda zai kai kuka, domin wanda zai kai wa ƙarar shi ne ya yanke hukuncin. Jagoran kansa kuwa ya fi ƙarfin kora: a 2023 wani tsagi na NNPP ya sanar da korar Kwankwaso daga jam'iyyar, aka yi ta ja-in-ja, amma babu wanda ya taɓa tunanin zai iya korar sa daga tafiyar da take amsa sunansa.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a a Katsina: Idan jam'iyya ce take da dukan iko a wajen doka, me ya hana masu tafiya su yi mata rajista ta zama jam'iyya kowa ya huta?

Amsa: Wasu sun yi, ɗana. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta faro ne a 1949 a matsayin ƙungiyar ma'aikata da 'yan boko masu neman ci gaban Arewa, sai a 1951 ta rikiɗe ta zama NPC ta siyasa. Magoya bayan Muhammadu Buhari sun daɗe suna aiki da ƙungiyarsu ta TBO a cikin ANPP kafin su samu rajistar CPC a 2009, wadda ta narke a cikin APC a 2013. Wasu kuma sun nema an hana su, kamar mutanen Shehu Musa 'Yar'aduwa, waɗanda gwamnatin Babangida ta ƙi yi wa ƙungiyarsu rajista a 1989 tare da sauran masu nema, sai suka kwashi jama'arsu suka shiga SDP suka yi ƙarfi a cikinta.

Rajista tana zuwa da nauyi. Sashe na 223 ya wajabta a zaɓi shugabannin jam'iyya a kai a kai, wa'adin da bai wuce shekara huɗu ba, kuma kwamitin zartarwa ya ƙunshi mutane daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar nan, abin da yake da wuya ga tafiyar da ƙarfinta yake jiha ɗaya ko biyu. Dole ne jam'iyya ta riƙa kai wa INEC bayanin kuɗinta, an hana ta riƙe kuɗin da aka aiko mata daga ƙasar waje, idan kuma ta kasa cin wani abin kirki a zaɓe ana iya soke rajistarta, kamar yadda aka yi wa jam'iyyu 74 a watan Fabrairun 2020. Ga kuma haɗarin rasa sunan gaba ɗaya idan rikici ya ɓarke. Da PRP ta dare gida biyu a 1980, 'yan santsi ne suke da gwamnonin Kano da Kaduna, wato Abubakar Rimi da Balarabe Musa, amma hukumar zaɓe ta wancan lokaci, FEDECO, ɓangaren Malam Aminu Kano na 'yan taɓo ta amince da shi. Da zaɓen 1983 ya ƙarato sai da Rimi ya koma NPP ya nemi tikiti, Sabo Bakin Zuwo kuma ya kayar da shi a ƙarƙashin PRP.

A ganina dai babban dalilin shi ne cewa zaman tafiya ba rajista ya fi yi wa jagora riba fiye da mabiyi. Babu wa'adin da zai ƙare masa, babu babban taron da za a ƙalubalance shi, babu mai binciken asusu, kuma idan ya zauna ciniki da wata jam'iyya yana magana ne da yawun dubban mutane da ba su da hanyar ce masa a'a sai ta cire hula. Sashe na 221 ma ya ce babu ƙungiyar da ba jam'iyya ba da aka yarda ta nema wa ɗan takara ƙuri'a ko ta zuba kuɗi a yaƙin neman zaɓensa, amma duk kakar zaɓe ƙungiyoyin goyon baya suna cika gari da fastoci a kan idon hukuma.

Tambaya daga wani ma'aikacin gwamnati a Bauchi: Ni da nake aikin gwamnati, wanne ya halatta gare ni a cikin biyun?

Amsa: A 2003, a shari'ar da ke tsakanin INEC da Balarabe Musa da wasu, Kotun Ƙoli ta soke tanadin dokar zaɓe da ya hana ma'aikacin gwamnati zama ɗan jam'iyya, bisa hujjar cewa ya ci karo da 'yancin da kundin tsarin mulki ya bayar. Duk da haka ƙa'idojin aikin gwamnati sun ci gaba da hana ma'aikaci riƙe muƙamin jam'iyya ko fitowa fili yana yi wa ɗan takara yaƙin neman zaɓe, kuma da su ofishinka zai tuhume ka, Malam. Waɗannan ƙa'idoji aikin da ka yi suke dubawa, saboda haka cewa kai ɗan tafiya ne kawai ba ka da kati ba zai kare ka ba idan aka gan ka a kan dandamali da lasifika a hannu. Idan kuma takara kake son yi, kundin tsarin mulki ya ce sai ka ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe, jam'iyyar da za ka nemi tikitinta kuma tana iya gindaya maka nata sharaɗin tun kafin zaɓen fid da gwani.